Jiki a Ƙauye, Gilashi a Gwangwani

Kwanakin baya 'yata ta zo daga Kaduna da sabuwar kyamararta, irin ta yanzu da ba ta cin fim, kana ɗauka kana gani a bayanta. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce in ɗauko mata gilashin kakanta. Na buɗe gwangwani na miƙa mata. Sai ta zaro wani ɗan zobe na ƙarfe daga jaka, bai fi murfin kwalbar man shafawa ba, ta ɗaura shi a bakin kyamarar, ta ɗora tsohon gilashin a kai, ta murza. Ya zauna daram. Ta juyo tana washe baki, tana jira in rangaɗa guɗa.

Ban yi guɗa ba. Tashi na yi na shiga kicin na hau wanke tukunyar da na riga na wanke. Ta biyo ni tana cewa, "Mama, lafiya? Ai abin murna ne."

Na ce, "Murnar me? Ashe ana iya yi? Ashe zobe ne kawai?"

Ta fara yi mini bayani, wai jikin kyamarar yanzu ya fi siriri, shi ya sa zoben ya samu wurin zama, wai a wancan zamanin ba zai yiwu ba. Na ce ta riƙe bayaninta. Raina ya ɓaci ƙwarai, ita kuwa ba ta san dalili ba, don ba a haife ta ba lokacin da abin ya faru.

Babanmu mai hoto ne a Kafanchan. Shagonsa yana kusa da tashar jirgin ƙasa, ɗaki ɗaya da labule mai zanen bene da furanni. Duk wanda ya girma a garin nan a wancan lokacin ya taɓa tsayawa a gaban labulen: ma'aikatan reluwe, ɗaliban kwalejin Gidan Waya da rigunansu na gama makaranta, amare, 'yan kasuwa ranar Sallah, mu kuma ranar Kirsimati. Kyamararsa wurin wani malamin mishan ya saye ta lokacin da zai koma ƙasarsu, kuma babu mai irinta a garin. Sauran masu hoto ta wani kamfani dabam suke amfani da ita.

Irin kyamarar nan ce mai rabuwa biyu. Akwai jiki, inda fim yake zama, akwai kuma gilashi da ake ɗaurawa a bakinsa, wanda masu sana'a ke kira lensi. Baba yana da guda uku. Ɗaya na ɗaukar taro, ɗaya na yau da kullum, sai wani dogo mai nauyi na ɗaukar fuska. Wannan dogon shi matan zumunta na cocinmu suka sa wa suna mai tausayi. Tsohuwa za ta zo fuska duk ta yamutse da wahalar gona, ya ɗauke ta da shi, hoton ya fito ita ce dai sak, tsufanta yana nan, amma da kwarjini, bayanta kuma ya narke kamar an shafe shi da auduga. Har daga ƙauyuka suke zuwa su ce, "Mai hoto, da mai tausayi za ka yi mini."

Ba don kwalliya suke zuwa ba. A wurinmu, ranar jana'iza hoton mamaci ake riƙewa a gaban akwatin gawa tun daga gida har coci, daga coci har kabari, kowa ya gani. Saboda haka tsoho mai hankali tun yana da ƙafa yake zuwa a ɗauke shi da kayansa masu kyau, ya kai hoton ya ajiye a ƙasan akwatin tufafi. Ba a ɗaukarsa mugun fata. Shiri ne kawai, kamar yadda ake tanadin zane.

Ni ce babba a gidanmu, kuma duk mata ne mu. Baba bai taɓa nuna damuwa da haka ba. Tun ina firamare ya koya mini riƙe kyamara, da murza gilashi har idon mutum ya fito tar, da wanke hoto a ɗakin duhu. Ya kuma koya mini tsoron damina. Wanda ya san ruwan Kafanchan ya san ko takalmi ka ajiye sai ya yi fumfuna, kuma in fumfuna ta shiga gilashi, ya tashi daga aiki ke nan. Don haka kullum in an tashi daga shago Baba yakan cire gilasan nan, ya rufe bakin jikin da murfinsa, ya sa su a babban gwangwanin madarar gari tare da ƙullin busasshiyar shinkafa, ya ɗora a kan kantar Mama kusa da murhu, inda ɗumi yake. Can suke kwana tsakanin gishiri da daddawa.

Ya rasu a daminar shekarar da aka yi tashin hankali a garin, bayan gajeruwar jinya. Aka kai shi ƙauyenmu ta wajen Nok aka binne. Da aka gama zaman makoki, dangi suka biyo mu Kafanchan rabon kaya, yayan Baba a gaba. Baba Babba muke ce masa. Mutum ne dogo mai taurin kai, manomi, dattijo a cocin ƙauye. A gida da yarenmu yake magana, amma in zai yanke hukunci sai ya koma Hausa, wai ta fi nauyi.

Suka fitar da keke, da rediyo, da kwat, da takalma. Sai ya ɗaga jikin kyamarar da igiyarta ta fata, ya juya ta, ya rataya a wuya. Na ce, "Baba, da ita muke cin abinci. Ni ce nake aiki da ita."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kayan namiji ne wannan. Ƙanena bai bar yaro namiji ba. Mace ba ya rataya wannan a wuya, gobe zai yi aure ya kai gidan wani."

Na buɗe baki zan ce masa abin da ya ɗauka rabi ne, ko kaza ba zai ɗauka da shi ba, sai Mama ta mintsine ni a cinya, mintsini mai zafi. Gwangwanin yana nan a kan kanta a gabansu, babu wanda ya kalle shi. Namijin da ya isa ba ya buɗe gwangwanin mace a kicin. Haka aka raba kyamara ɗaya gida biyu kamar akuyar biki, jiki ya tafi ƙauye, gilashi ya zauna a gari.

Abin haushin, da a akwati ya kulle ta da na ce ƙauna ce. Ina! Yawo yake yi da ita. Bikin aure, bikin godiya na coci, wasan sabuwar shekara, sai ka hango Baba Babba da babbar riga da kyamara a ƙirji, murfi a bakinta. Wani lokaci har ya ɗaga ta ya danna, ta yi ƙara, mutane su gyara tsayuwa. Babu gilashi, babu fim, babu komai. In an tambaye shi hoto ya ce ana wankewa. Ni kuwa da na iya aikin ina shagon wani ina wanke hotunan da wasu suka ɗauka, hannuna duk ya yi baƙi da magani, shagon Baba an mayar da shi wurin ɗinki.

Shekaru suka tafi a haka. Mama ta koma noman citta gadan-gadan, don ta ciyar da ƙannena. Wata rana da kaka muna zaune a tsakar gida muna tsaga citta za a shanya, sai ta ce da ni, ba tare da ta ɗago ba, "Duk matan zumunta ubanki ya ɗauke su. Ni kaɗai ce ba ni da na gaban akwati."

Gaskiya ne. Yana da hotunanta na ƙuruciya, amma na tsufa kullum sai ya ce gobe, ai tana gida, ba inda za ta. Ita ce mai wanke labulen, ita ce mai ara wa matan ɗankwali in nasu bai zauna ba, amma ba ta taɓa zama a kujerar ba.

Na ce, "Mama, gobe ma sai mu je shagon da nake aiki in ɗauke ki."

Ta ce, "A'a. Da mai tausayi nake so. Da gilashin mijina. Da kayan zumunta, da littafin waƙa a hannu."

A shekarar citta ta yi daraja. Da aka sayar, ta kira ni ɗaki ta ce in nemo wa gilasan jiki. Ban yi gardama ba, don na san abu biyu take so ta yi da jifa ɗaya, ni in samu sana'a, ita ta samu hotonta.

Na tafi kasuwa wurin Alhaji. Aminin Baba ne tun suna samari, iyayensa da kakanninsa duk 'yan kasuwar nan ne, shi yake kawo wa masu hoto fim da takarda daga Legas. Ranar da gari ya rikice ma a bayan shagonsa Baba ya ɓoye kayan aikinsa. Na kwafo sunan kamfanin da ke jikin gilashin harafi bayan harafi na nuna masa. Ya ce, "'Yata, kwantar da hankalinki. Sabuwa fil zan kawo miki, a kwalinta. Ba zan sayo wa 'yar abokina kwance ba."

Ka ji inda alheri ya cuce mu. Da kwancen ya sayo, da ban zauna ina rubuta wannan ba.

Ranar da ya dawo ya aiko a kira ni. Na ɗauki gwangwanin a kai na tafi, Mama ta ce ba za a bar ta a baya ba, har da ɗaura sabon zane. Alhaji ya shimfiɗa ƙyalle a kan tebur, ya buɗe kwali da bisimilla. Ga ta nan baƙa, sumul, tana ƙamshin sabon abu, ga sunan kamfanin ɓaro-ɓaro a goshinta, iri ɗaya da na gilashin, ko ɗigo bai bambanta ba. Na cire ɗan gilashin roba da ta zo da shi, na ɗauko mai tausayi, na goge shi da bakin zanena, na kai shi bakinta.

Bai shiga ba.

Na juya shi. Na sake juyawa. Na duba jan ɗigon da ake daidaitawa, na gwada ta nan, na gwada ta can. Bakin sabuwar ya fi faɗi, haƙoransa dabam, ga wasu 'yan ƙarafa masu ruwan zinare a jere a ciki waɗanda ban taɓa gani ba. Na gwada na taro, na gwada na kullum, duk kanwar ja ce. Alhaji ya karɓa, ya sa tabarau, ya gwada a hankali kamar mai ɗaura wa jariri hula. Zufa ta karyo masa. Ya ce, "Subhanallahi. Ba sunansu ɗaya ba?"

Mama ta ce, "Ko sai an sa masa mai?"

Haba! Ni fa har yau in na tuna sai in ji kamar in yi ihu. Kamfani ɗaya, suna ɗaya, ka ƙera gilashi da hannunka, ka sayar wa mutum, ya kula da shi shekara da shekaru yana kwana da shi kusa da murhu, sannan ka wayi gari ka canja baki ba ka gaya wa kowa ba? Ko mai ƙera fatanya a ƙauyenmu in ya yi sabon ruwa sai ya shiga tsohuwar ƙota, in bai shiga ba a mayar masa, kuma ya ji kunya. Murfin tukunyar kakata yana rufe tukunyata har gobe. Amma su can da iliminsu da injinansu suka zauna a teburi suka yanke cewa duk wanda yake da tsoho ya zubar ya sayi sabo. Sun tambayi wa? Sun san citta nawa aka tsaga?

Alhaji ya ji nauyi ƙwarai. Ya ce zai mayar, ya kuma kai ta Legas da kansa, suka ce kayan da aka buɗe ba ya komawa. Ya dawo yana ba ni haƙuri kamar shi ya ƙera ta. Ni ban taɓa ganin laifinsa ba.

Aka kwatanta mini wani mai gyaran kyamara a Kaduna. Na shiga mota da gwangwanina a cinya, ta lalace mana a Mararraban Rido, muka sha rana a bakin titi masu rake da gasasshiyar masara suna ta zagaye mu. Da na isa, mutumin ya ɗaga mai tausayi ya duba a haske, ya yi ajiyar zuciya, ya ce rabonsa da ganin mai tsabta haka ya daɗe. Sannan ya ce mini kamfanin ya canja baki ne don sabon gilashi da batir yake aiki, shi yake nemo fuska da kansa. Wai akwai wani abin haɗi da ake yi a Turai, amma da ƙaramin gilashi a cikinsa mai dusashe hoto, kuma shi bai taɓa riƙe shi a hannu ba. Na ce to tsohon jiki fa? Ya ce duk mai lafiyayye ya ƙanƙame abinsa, don kowa ya shiga irin halin da na shiga. Ya nuna mini guda biyu a cikin kwali, matattu, an cire musu kayan ciki. Ya ce in bar masa saƙo, in an samu zai aiko. Sai kuma ya ce ko zan sayar masa da gilashin. Na rufe gwangwanina na fito.

Na fara aiki da sabuwar, tunda ita ke gare ni. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta ciyar da mu. A rana tsaka tana ɗaukar ɗalibai da 'yan biki lafiya lau. Amma ka shiga da ita coci inda haske ya yi ƙaranci, ka nuna ta ga baƙar fuska, sai gilashin ya hau kai da komowa yana zuuu, zuuu, yana nema, amarya ta gaji da murmushi bai samu ba. Fuskar tsofaffi kuwa ba ya raga mata ko kaɗan, duk wani layi da tabo sai ya fito da shi.

Na roƙi Mama ta zauna in ɗauke ta ko na wucin gadi ne. Ta sa kayan zumunta, ta zauna, na ɗaga kyamara, gilashin ya fara kukansa. Ta miƙe ta kwance ɗankwali. Ta ce, "Wannan mai kukan sauro? Ba shi zai raka ni kabari ba. Zan jira."

Na ce, "To bari in je wurin Baba Babba in aro."

Ta ce kada in kuskura. In na je dole ya tambayi me zan yi da tsohuwa ga sabuwa a hannuna, in na faɗa kuma ya gane akwai gilashi, sai ya ce shi ma gado ne. Na bi maganarta har damina ta zagayo. A daminar ce ta fara tari, ƙafafunta suka kumbura, zanen zumunta ya fara yi mata yawa. Na ga fuskar da nake so in ɗauka tana raguwa a gabana. Ban sake neman izininta ba, na hau babur ɗin haya na nufi ƙauye, da sabulu da sukari a leda.

Na same shi a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar gatari. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi gona, na tambayi coci. Sannan na ce aron kyamarar nake so na yini ɗaya, in ya ga dama ma ya biyo ni da ita a wuyansa, in ɗauki Mama a gabansa ya koma da abarsa.

Ya ce, "Ba an ce kin sayi sabo ba?"

Na yi masa bayani. Ban ɓoye komai ba, don na gaji da ɓoyo. Ya ajiye gatarin. Ya ce, "Wato duk shekarun nan ina yawo da rabin abu, ku kuna dariya?"

Na ce, "Baba, babu mai dariya. Mama ba ta da lafiya."

Ya ce, "Kun ɓoye kayan gado a cikin daddawa. Ke da uwarki. To gilashi ya zo nan tukuna, ya haɗu da ɗan'uwansa, sannan a yi maganar aro."

Na ce in na kawo, wa zai ba ni tabbacin zan sake ganinsa? Ya ce ni yarinya ce da zan nemi tabbaci a wurinsa? Magana ta yi zafi, matan gidansa da maƙwabta suka fito. A ƙarshe ya koma Hausa mai nauyi ya yanke hukunci: sai Kirsimati, in dangi sun taru, a zauna a duba maganar. Na ce masa Kirsimati da nisa. Ya ce ciwon ƙafa ba ya kashe mutum, shi ma yana da shi. Ya karɓi sabulun da sukarin kuwa.

Mama ba ta kai Kirsimati ba. Ana cikin haƙar citta ta tafi, da safe, ina dama mata kunu.

Cikin kuka da karɓar gaisuwa shugabar zumunta ta ja ni gefe ta ce, "Ina hoton?" Ba ni da shi. Ni, 'yar mai hoto, mai hoto da kaina. Na zazzage akwatin Baba na samo wani tsohon hoton taron zumunta, mata sun fi a ƙirga, Mama tana can layin baya a gefe, don ita ta tsaya gyara wa wasu ɗankwali har aka kusa dannawa. Na yanko kanta na ƙara masa girma. Ya fito dishi-dishi, idonta ɗaya a lumshe, ga kafaɗar wata mata ta shigo ta rufe mata haɓa. Shi aka sa a firam. Shi ƙanwata ta riƙe a gaban akwati tun daga gida har coci. Ina jin wata tsohuwa a bayana tana tambayar ta kusa da ita, "Wace ce a hoton?"

Na tafi ƙauye da mai tausayi a jakata. Niyyata in sa mata shi a cikin akwati, tunda bai ɗauke ta ba ya raka ta. Matan zumunta suka hana, suka ce mai bi, wato Kirista, ba a binne shi da kaya, wannan al'adar da ce. Na mayar da shi jaka.

Bayan an rufe kabari, mutane sun zazzauna ana rabon abinci, sai ga Baba Babba ya nufo ni da babbar rigarsa, kyamara a ƙirji. Idonsa ya yi ja, ba zan ce bai yi kuka ba. Ya tsaya a kaina ya ce, "Kin zo da gilashin?"

Ya cire igiyar daga wuya ya miƙo mini. Ya ce, "Na ga hoton uwarki. Bai yi kyau ba sam. Ki ɗauke ni yanzu da ina da kaya a jiki, ni kaɗai. Kada ranar nawa a yi mini irin wannan, da kafaɗar wani."

Jama'a, ku ji fa. A bakin kabarinta. Ƙasar ko bushewa ba ta yi ba.

Fasto yana wurin, dattawa suna wurin, kowa ya zuba mini ido. Na karɓa. Na buɗe murfin ina fatan in tarar zanzaro ya yi gini a ciki, ko tsatsa ta cinye ta, in samu abin da zan jefa masa a fuska. Tsaf take. Ashe kullum a cikin tsumma yake naɗe ta ya sa a akwatin ƙarfe, igiyar ma man kaɗanya yake shafa mata. Na zaro mai tausayi, na daidaita jan ɗigo da jan ɗigo, na murza. Ƙas! Ya shiga kamar jiya aka cire shi. Abin da na yi shekaru ina nema, na je Kaduna, na durƙusa a gindin mangwaro, bai ɗauki lokacin haɗiyar yawu ba.

Na sa fim. Aka kawo masa kujera, ya zauna, ya baza riga, ya karɓi littafin waƙa a hannun wani ya ɗora a gwiwa. Na leƙa. Na yi niyyar in bar shi dishi-dishi, Allah ya sani na yi niyya. Amma hannun da Baba ya koyar bai san wannan ba, sai da ya murza har ƙwayar idon tsohon ta fito tar. Na danna.

Da na miƙa masa kyamarar sai ya ɗaga hannu ya ce, "Riƙe. Dama ni ban san abin da zan yi da shi ba."

Hoton ya fito, kuma a duk aikina ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba. Ga furfura, ga kwarjini, ga bishiyoyin bayansa sun narke. In ka gan shi sai ka rantse mutumin nan bai taɓa hana kowa komai ba. Gilashin ya yi masa tausayin da ya saba yi wa kowa, bai san wane ne ba. Bayan 'yan shekaru shi aka riƙe a gaban akwatinsa, mutane suna ta cewa kai, wa ya ɗauki wannan? Ina tafe a baya ina jin su. An ce mu yafe, kuma ina faɗa a addu'a kowace Lahadi, amma in na zo wurin nan muryata takan yi ƙasa. Shi da kamfanin nan a layi ɗaya na ajiye su.

Wannan duka na faɗa wa 'yata a kicin, tukunya a hannuna. Ta share ido. Can ta ce, "To Mama, ki zauna in ɗauke ki da shi."

Na so in ce gobe. Har kalmar ta zo bakina na haɗiye ta. Na shiga ɗaki na ɗaura zanen zumunta, na kafa ɗankwali, na ɗauko littafin waƙar Mama, na zauna a tsakar gida inda muke tsaga citta. Ta murza, ta danna, ta juyo mini da bayan kyamarar in gani. Bangon ya narke, zanen ya fito da kyau, amma fuskata a murtuke take, gira a haɗe, baki a tsuke.

Ta ce, "Mama, ki ɗan saki fuska mu sake. Ba a ƙare fim yanzu."

Na ce, "Bar shi haka. Shi za ku riƙe a gaba, kowa zai gane ni."